Muhawara: da wane ma'auni ake auna hukuncin mai ƙwaya?

Baban Hauwa (mai shagon magani, Arkilla):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan la'asar wani magidanci ya shigo shagona da ƙullin leda a hannu, ya jira sai da mutane suka watse, sannan ya kwance ya nuna mini ƙwayoyi huɗu da ya ce matarsa ta tsinta a aljihun wandon ɗansu lokacin da za ta yi wanki. Biyu daga ciki farare ne ƙanana, da gani na san Exol ne, wanda asalinsa maganin masu karkarwar jiki ne amma samari suka mayar da shi abin maye. Sauran biyun masu launi ne, babu sunan kamfani, sai wani ɗan zane da aka danna a jikinsu. Na gaya masa ba zan iya rantsuwa ba sai an kai su ɗakin gwaji, amma siffarsu ta abin da ake kira ekstasi ce. Abin da ya tambaye ni shi ne, idan ya kai yaron wurin hukuma da hannunsa, shekara nawa za a ba shi. Na rasa abin da zan ce masa.

Shi ya sa na kawo zancen nan, domin ita wannan ƙwaya ta ekstasi tana da tarihin da ya kamata duk mai magana kan hukuncin masu shaye-shaye ya sani. Sunanta na kimiyya MDMA, kamfanin Merck na Jamus ne ya fara haɗa ta a 1912, Amurka kuma ta haramta ta a 1985. A 2002 wani masani a jami'ar Johns Hopkins, George Ricaurte, ya wallafa bincike a mujallar Science cewa ya yi wa birai goma allurar ta daidai abin da matashi kan sha a dare ɗaya, biyu suka mutu, sauran kuma ƙwaƙwalwarsu ta sami irin lahanin da ke kai mutum ga ciwon karkarwa. Jaridu suka ɗauka, hankalin iyaye ya tashi. Shekara guda bayan haka, a watan Satumba na 2003, shi da abokan aikinsa suka janye binciken, saboda sun gano an yi kuskuren liƙa suna a kwalaben da aka aiko musu. Abin da suka ɗirka wa biran wata ƙwayar maye ce daban mai suna metamfetamin, ba ekstasi ba. A kan wannan bincike ne Amurka ta tsananta hukuncin ƙwayar, kuma har yau ba a sassauta ba.

Barista (Mabera):
Wa alaikumus salam. Baban Hauwa, labarin biran gaskiya ne, amma akwai gyara a jimlarka ta ƙarshe, kuma gara mu gyara da kanmu kafin wani ya kama mu da shi. An riga an tsananta hukuncin tun 2001, shekara guda kafin binciken biran ya fito. Dokar da ta zo a tsakiyar hayaniyar biran ita ce ta Afrilun 2003, wadda ta ba da damar hukunta masu shirya taron rawa idan sun san ana shan ƙwaya a wurinsu, kuma Joe Biden ne ya ɗauki nauyinta yana sanata.

Abin da ya faru a 2001 ya fi wancan ban mamaki a wurina. A lokacin kotunan tarayyar Amurka suna da wani jadawali da suke mayar da kowace ƙwaya zuwa nauyin tabar wiwi kafin su lissafa shekarun ɗauri, kamar yadda ɗan canji ke mayar da sefa zuwa naira. Kafin 2001, giram ɗaya na ekstasi daidai yake da giram 35 na wiwi. Da majalisa ta umarci hukumar tsara hukunci ta ƙara tsanani, sai aka mayar da shi giram 500, alhali giram ɗaya na garin hodar iblis giram 200 ne kawai. Ma'anarsa a aikace ita ce, wanda a da sai an kama shi da ƙwaya wajen 11,000 kafin ya cancanci shekara biyar, yanzu ƙwaya 800 ta isa. Hujjar da aka dogara da ita binciken shekarun 1990 ne, ciki har da hotunan ƙwaƙwalwa na shi wannan Ricaurte da abokan aikinsa, waɗanda daga baya wasu masana suka soki yadda aka auna su. A 2011 wani alƙali a New York, William Pauley, ya saurari masana daga ɓangarorin biyu, ya yanke cewa babu hujjar ɗora ekstasi sama da hodar iblis, ya yi hukuncinsa da giram 200. Amma giram 500 ɗin yana nan a jadawalin yadda yake.

Baba Mai Ritaya (Runjin Sambo):
'Ya'yana, na karanta duka, kuma ban ga inda za ku da mu ba. Birai sun mutu ko ba su mutu ba, mu yaranmu muke gani suna mutuwa a tsaye. Ku bi ta bayan tasha da magariba ku ga samari majiya ƙarfi suna layi kamar kaji masu mura. Ni na ga zamanin da aka harbe masu fataucin hodar iblis uku a Legas a 1985, kuma na ga yadda kowa ya shiga taitayinsa. Tsoro shi ne maganin wannan abu. Idan kuka fara cewa wannan ƙwaya ba ta kai waccan illa ba, to kun buɗe ƙofa, yaro kuma ba ya jin ƙarshen magana, farkonta yake kamawa ya gudu da shi.

Barista (Mabera):
Baba, Allah ya ƙara girma, ba na musun abin da idonka ya gani a bayan tasha. Sai dai mutanen nan uku, Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape, an harbe su ne a ƙarƙashin doka ta 20 ta 1984, wadda aka mayar da aikinta baya ta hau kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta, abin da har yau lauyoyi ke kawowa misalin zalunci. Gwamnatin da ta biyo baya ta soke hukuncin kisan, kuma zuwa 1989 safarar ta yi yawan da sai da aka kafa hukuma sukutum, wato NDLEA, domin ta. Da tsoron ya yi aikin da ake faɗa, da ba a kai ga haka ba. A watan Mayun 2024 majalisar dattawa ta sake amincewa da kisa ga masu safara, daga baya da aka daidaita da majalisar wakilai aka dawo kan ɗaurin rai da rai. Wato shekara arba'in muna kai gwauro muna kai mari a wuri ɗaya.

Likita (ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa):
Ina so in tsaya a tsakiya kaɗan, domin tsoron Baba yana da tushe. Janye binciken biran bai wanke ekstasi ba. Tana kashe mutane, kuma mun san hanyoyin da take bi. Tana sa ƙwaƙwalwa ta zubo da sinadarin serotonin da yawa a lokaci guda, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, zafin jiki ya hau, mutum kuma ba ya jin gajiya balle ya zauna ya huta. Idan zafin ya wuce kima sai tsoka ta fara narkewa, ƙoda da hanta su tsaya. Ku tuna wannan yana faruwa ne a ƙasashen sanyi, to ku kwatanta da ɗakin da ba iska a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 ko ba a sha komai ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ruwa, kuma ita ta fi ba mutane mamaki. Ƙwayar tana hana jiki fitar da fitsari, mai shan ta kuma yana jin ƙishi. A 1995 wata yarinya a Ingila, Leah Betts, ta sha ƙwaya ɗaya a bikin cikarta shekara 18, ta bi ta da ruwa kusan lita 7 cikin minti 90, gishirin jininta ya tsinke, ƙwaƙwalwarta ta kumbura, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A Ingila da Wales an lissafa mutuwa 92 masu alaƙa da ita a 2018. Ga kuma matsalar da ta fi shafar mu: wanda ya sayi ƙwaya mai launi a lungu bai san abin da ke cikinta ba, domin akwai wani sinadari da ake kira PMA da ake sayarwa da sunan ekstasi, yana jinkirin kama jiki, mutum ya ƙara ta biyu, ta hallaka shi. A Holan akwai wuraren da ake gwada ƙwayoyi a faɗi abin da ke ciki. Mu a nan ko mai shagon magani da ido yake kintace, kamar yadda Baban Hauwa ya yi.

Game da lahanin ƙwaƙwalwa na dogon lokaci kuwa, a nan ne masana suka rabu. An tabbatar da lahani a jijiyoyin dabbobin da aka ba su da yawa. A jikin mutane abin ya fi wuyar aunawa, saboda galibin masu shan ekstasi suna haɗawa da giya da wiwi da rashin barci, sai a rasa na ɗora wa laifin. John Halpern na Harvard ya nemo mutum 52 da kusan ita kaɗai suke sha, ya gwada su da 59 da ba sa sha amma suna irin wannan kwanan rawa, ya wallafa a 2011 cewa bambancin kaifin tunaninsu kaɗan ne. Wasu masana sun ce adadin ya yi ƙanƙanta. Ni abin da nake gaya wa iyaye shi ne, guba ce mai iya kisa a dare ɗaya, amma ba ta kama mutum da irin kamun tramol da kodin, waɗanda su ne suke cika mana gadaje.

Ɗalibar harhaɗa magunguna (Ɗanfodiyo):
Likita, ina neman ƙarin haske. Mun ji an ce Ostareliya ta amince a riƙa ba da ita a asibiti. Yaya abu ɗaya zai zama magani a wata ƙasa, a wata kuma ya zama dalilin ɗaurin shekaru?

Likita (ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa):
Ƙanwata, haka ne, tun 1 ga Yulin 2023 Ostareliya ta ba wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da ita ga masu ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i, irin wanda muke gani ga mutanen da suka fito daga hannun 'yan bindiga. Amma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa a watan Agustan 2024, ta ce a sake gwaji, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne a gwajin da aka ba wasu ƙwayar gaske wasu kuma ta bogi, kusan duk wanda aka ba ta gaskiyar ya gane ita aka ba shi, don haka da wuya a raba aikin maganin da aikin sa rai. Kin ga ke nan ɓangaren masu yabon ta ma an kama su da gaggawa, kamar yadda aka kama masu kushe ta. Batun magani da laifi kuwa ba baƙo ba ne a wurinki, domin mofin ɗin da ake yi wa mai ciwon daji allura ɗan'uwan heroyin ne na jini.

Malam (Gidan Igwai):
Bismillah. Kada wani ya fita daga zauren nan da zaton ana neman halatta wani abu. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, kaɗan ɗinsa da mai yawansa, kuma ba sai biri ya mutu a Amurka za mu san haka ba. Amma haramci daban, gwargwadon hukunci daban, kuma malamanmu sun riga waɗannan kotuna yin wannan tattaunawa da ɗaruruwan shekaru. Imam Alƙarafi, daga manyan Malikiyya, ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye irin na giya, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke kwantar da mutum ya fita hayyacinsa, ya ce haddi na farkon ne, sauran kuwa ta'aziri ne gwargwadon abin da alƙali ya gani. Wasu malaman sun saɓa masa a kan wiwi, amma ku lura cewa saɓanin nasu a kan sanin haƙiƙanin abin da ganyen ke yi wa mutum ne. Wato sai an san abu sannan a yi masa hukunci.

Shi kansa haddin giya bulala tamanin ne a mazhabarmu, a yi wa mutum ya koma gidansa ya ci gaba da neman abincin iyalinsa. Ya kuma tabbata cewa akwai sahabin da aka riƙa kawowa saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Baba, Allah ya ja kwana, ina tare da kai a kan dillalin da ke cin riba da hankalin 'ya'yan mutane, wannan mai ɓarna ne a bayan ƙasa. Amma ban san inda shari'a ta ce a raba mashayi da iyayensa shekara 15 ba.

Maman Sadik (malamar makaranta, Gawon Nama):
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda yake mini ciwo. Ɗan yayata yana da shekara 19 aka kama shi da sauran kwalbar maganin tari da 'yan ƙwayoyi da ba su cika tafin hannu ba. Wanda aka kama su tare, mai kayan, iyayensa masu hali ne, kafin mako ya zagayo yana gida. Namu ya yi wata goma sha ɗaya yana jiran shari'a, ana ɗage zama yau, gobe a ce ba motar kai su kotu. Duk Juma'a yayata tana dafa tuwo ta ɗaure a kwano ta kai masa, rabinsa ba ya isa gare shi. Ranar da aka sako shi na je tarbarsa, na ga ƙafafunsa duk ƙazuwa, yana magana ba ya kallon idon mutum. Ya shiga yana shan abu ɗaya, ya fito ya san sunan abu goma da inda ake samun kowanne. Jarrabawarsa ta wuce, yarinyar da ake maganar aurensu an ba wani. Ba na cewa ba shi da laifi, amma har yau ina tambayar kaina wa wannan ɗauri ya amfana.

Baba Mai Ritaya (Runjin Sambo):
'Yata, Allah ya shirya shi, ya ba yayarki haƙuri. Amma abin da kika faɗa laifin masu aiwatar da doka ne da masu karɓar na goro, ba laifin tsananin doka ba. A gyara kotu, a bar doka da haƙoranta.

Barista (Mabera):
Baba, tsananin dokar shi ne jarin mai karɓar na goro, domin gwargwadon girman abin da ake tsoro gwargwadon abin da uba zai sayar ya fanshi ɗansa. Dokar NDLEA ta ambaci hodar iblis da LSD da heroyin, sannan ta ce da duk mai kama da su, ta yanka wa mai riƙe da su shekara 15 zuwa 25, mai shigowa da su ko haɗa su kuma ɗaurin rai da rai. Ba ta faɗi nauyin da ke raba mashayi da dillali ba. A aikace alƙalan babbar kotun tarayya sukan yanke ƙasa da haka, wani lokaci har da zaɓin tara, sai hukuncin ya koma ya danganta da gaban wanda ka faɗa da lauyan da ka iya ɗauka. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha wani abu a shekarar da ta gabace shi, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 irin su tramol, ekstasi kuma wajen 340,000. Wane gidan yari ne zai ɗauki waɗannan?

Akwai wani labari da zai yi wa mutanen Sakkwato daɗin ji. A 2009 shugaban kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan ƙwayoyi, Farfesa David Nutt, ya rubuta cewa hawan doki yana jawo mummunan rauni kusan sau ɗaya a hawa 350, ekstasi kuwa sau ɗaya a sha 10,000. Ministar cikin gida ta sa ya nemi afuwa, gwamnati ta ƙi shawarar kwamitinsa ta sauko da ƙwayar daga rukuni mafi tsanani, kafin shekara ta ƙare kuma aka sallame shi. A 2010 ya fito da jadawalin illar abubuwa 20, giya ta zo ta ɗaya da maki 72, heroyin 55, ekstasi 9.

Malam (Gidan Igwai):
Barista, a nan farfesan naka ya yi kuskuren ƙiyasi. Wanda ya faɗo daga doki a hawan salla ya karye ne yana cikin hankalinsa, yana kan abin da aka halatta, har aka kwaɗaitar da koyonsa. Ba da yawan karaya kaɗai ake auna abu ba. Sai dai na yarda da shi a kan giya, kuma abin dariya ne a ce sai 2010 suka gano ita ce uwar laifuka.

Barista (Mabera):
Na karɓi gyara, Allah ya gafarta Malam. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne an kori mutum saboda lissafinsa bai yi wa 'yan siyasa daɗi ba, ba don an nuna kuskure a lissafin ba. Kuma don kada a ce sai Turawa, kwamitin Afirka ta Yamma da Obasanjo ya shugabanta ya ba da shawara a 2014 cewa a daina ɗaure mashayi a mayar da ƙarfi kan manyan masu safara, Gana kuma ta yi doka a 2020 da ta mayar da hukuncin riƙe ɗan abin sha zuwa tara. Fotugal ta bi wannan hanya tun 2001, amma ta haɗa da asibitoci da ma'aikata. Jihar Oregon ta Amurka ta cire hukuncin a 2020 ba tare da wuraren jinya sun wadata ba, a 2024 ta dawo da shi. Mu da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yake ɗaukar marasa lafiya daga jihohi maƙwabta, dole mu yi wa kanmu wannan lissafi kafin mu kwaikwayi kowa.

Baba Mai Ritaya (Runjin Sambo):
To, ka faɗa da bakinka. Ku gina wuraren jinyar tukuna, sannan ku zo mu yi maganar sassauci. Kafin nan ina nan a kan bakana, ko da yake maganar Malam a kan bulala da komawa gida ta tsaya mini a rai.

Baban Hauwa (mai shagon magani, Arkilla):
Na gode da gyaran shekarun, Barista, na ɗauka. Magidancin ya dawo ɗazu bayan isha'i. Na karanta masa abin da Likita da Maman Sadik suka rubuta, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ranar Litinin zai kai yaron ya ga likita, kuma ba zai gaya wa kawunnansa ba tukuna. Ya ce yaron ya rantse sau biyu kawai ya taɓa shan mai launin, a wurin wani biki, Exol ɗin ne ya daɗe yana sha.

Likita (ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa):
Ka gaya masa kada yaron ya yanke Exol ɗin farat ɗaya kafin Litinin, likita ne zai tsara yadda za a rage masa. Kuma uwar ta zo tare da su idan da hali, tunda ita ta fara gani.

Barista (Mabera):
Baban Hauwa, tambaya ɗaya: ƙwayoyin huɗu suna ina yanzu?

Baban Hauwa (mai shagon magani, Arkilla):
Suna cikin aljihun teburina a shago. Ya ce ba zai koma da su gida ba, ni kuma na karɓa na ajiye.

Barista (Mabera):
To, lasisinka ya rufe maka Exol, amma bai rufe maka masu launin ba, kuma dokar da na ambata ɗazu ba ta ware mai kyakkyawar niyya ba. Kada ka zubar da su, kada kuma su ƙara kwana a wurinka bayan na yau. Gobe da ƙarfe tara zan biyo ta shagon, mu rubuta takarda mu kai su ofishin hukumar tare.